Me ya sa maganin fumfuna bai taɓa kuturtar hatsin Baba ba?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin aikin gona a Yamai, ina shekara ta uku, gidanmu kuwa wani ƙauye ne a ƙasar Illela cikin jihar Tawa. Da na je hutu a watan Agusta na tarar kuturta ta shiga gonar hatsin babana. Ganye ya ɗashe daga gindi, da asuba in ka juya shi sai ka ga kamar an barbaɗa masa gari, zangarniya kuma maimakon ƙwaya sai ta fito da ƙananan ganyaye a murɗe. Baba ya sayar da akuya ya sayi kwalba biyu a kasuwa, mai sayarwa ya ce masa maganin kowace irin fumfuna ne. Ya fesa sau biyu, babu abin da ya canja. Na duba kwalbar, triyazol ne a ciki. A aji an ce mana shuka tana canja maiƙon ƙwayoyinta don ta kare kanta daga irin wannan cuta. To me ya hana hatsinmu kare kansa? Ko maganin ne na jabu? Hankalina a tashe yake, don gonar nan ita ce cimakarmu, kuma Baba na shirin ajiye iri daga cikinta, ya sake sayen kwalbar baɗi.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar wa Baba da alheri, ya sa abin da ya rage a gonar ya kai ku wata damanar.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada Baba ya sake sayen kwalbar nan. Mai yiwuwa ta jabu ce, mai yiwuwa ta gaske ce, amma ko daga masana'anta ta fito a rufe, ba za ta yi wa Sclerospora graminicola, halittar da ke haddasa kuturtar hatsi, komai ba. Dalilin kuwa yana cikin darasin maiƙon nan da kake tambaya a kai, shi ya sa zan bi da kai ta can kafin mu dawo kasuwa.

Ka san omiset, wato dangin ƙananan halittu masu kama da fumfuna da Sclerospora take ciki, ba ta shiga shuka sai ta taɓa tantanin ƙwayar halitta, ƴar fatar maiƙon da ke kewaye da ƙwayar, kuma a nan ne ake fara gane ta. Abin da ke tona mata asiri, a lokuta da yawa, maiƙon jikinta ne. Tun 1981 Bostock da Kuć da Laine suka nuna cewa Phytophthora infestans, omiset ɗin da ke lalata dankalin turawa, na ɗauke da asid arakidonik, mai kabon 20 da ninki 4, da ɗan'uwansa mai ninki 5, alhali shuke-shuken gona ba su da su a tantaninsu: nasu mai kabon 18 ne, linoleyik da linolenik. Da dankalin turawa ya ji ɗanɗanon baƙon maiƙon sai ya tashi tsaye. A 2022 kuma masu bincike a Japan suka nuna wani abu da ya fi wannan ban sha'awa: shuka tana sakin wani anzim, wato furotin mai yanka ko ƙera sinadarai, a tsakanin ƙwayoyinta, ya yanke wani maiƙon omiset mai suna seramid, ya fito da guntun da ke da reshen metil a kabon na 9, sannan wani furotin mai gadi a tantani ya kama guntun ya buga ƙararrawa. Wato shukar da kanta take tsaga kayan baƙon ta ga ko na gida ne. Akwai kuma elisitin, ƙananan furotin da Phytophthora da ƴar'uwarta Pythium ke zubarwa don su kwaso sitirol, wani nau'in maiƙo, daga tantanin shuka.  Ka riƙe maganar kwasar sitirol ɗin nan, za mu dawo kanta.

Da an gane baƙo, cikin mintoci kaɗan anzim biyu, fosfolifas C da D, sun fara yankan fosfolifid, wato maiƙon tantani, asid fosfatidik ya taru. Shi wannan asid ɗin kaɗan ne ƙwarai a tantanin da ke zaune lafiya, don haka ƙaruwarsa kaɗai saƙo ce. Yana manne wa anzim ɗin da ke samar da iskar oksijin mai ƙuna ya ƙara masa kuzari, kalsiyam na kwarara ciki, tantanin kansa kuma yana ƙara tauri: sitirol da sfingolifid suna tattaruwa wuri-wuri kamar tsibirai, furotin masu gadi suna haɗuwa a kansu. Duk wannan kafin ido ya ga ko ɗigo a ganye.

Bayan sa'o'i sai aikin ya koma kuloroflas, koren ɓangaren ƙwaya da ke kama hasken rana. Kusan rabin maiƙon tantanin da ke kama hasken rana galaktolifid ne mai suga ɗaya, cike da linolenik. Anzim ɗin lifas ya saki linolenik ɗin, wani anzim, lifoksijinas, ya saka masa oksijin, daga nan hanya ta rabu biyu. In a kabon na 13 aka saka, ana tafiya zuwa jasmonat, wani sinadarin saƙon kariya, da kuma ƙamshin nan da kake ji in ka murje ɗanyen ganye a hannu. In a kabon na 9 ne, a dankali da taba ana samun asid kolnelayik da kolnelenik, waɗanda aka nuna a 1999 suna taruwa a ganyen dankalin da Phytophthora ta kama, kuma suna hana ƙwayoyinta tsirowa. An taɓa toshe wannan lifoksijinas na 9 a wata taba mai juriya, sai ga ta ta faɗi gaban Phytophthora parasitica kamar ba ta taɓa sanin juriya ba. A dankali har hanyar ƙera sitirol ake karkatarwa: ana rage aikin anzim ɗin da ke kaiwa ga sikwalin, kayan aikin su tafi wajen ƙera sinadaran yaƙar cuta, rishitin da lubimin, a barkono da taba kuma kafsidiyol. In abin ya kai maƙura, maiƙon tantanin ya ƙone gaba ɗaya, ƙwayar ta mutu da gangan, baƙon ya rasa abinci. Ɗan ɗigon nan mai ruwan ƙasa da kake gani a ganyen iri mai juriya, ba alamar rauni ba ce, gurbin ƙwayoyin da suka mutu ne don sauran su tsira. Daga gutsattsarin maiƙon da ya ƙone ake samun asid azelayik, mai kabon 9, wanda ke cikin saƙonnin da ke shirya sauran ganyaye.

Yawancin wannan a taba da dankali da inabi da wata ƴar shukar gwaji mai suna Arabidopsis aka gano shi, amma hatsinmu ma an duba. Masu bincike a jami'ar Maisur ta Indiya sun nuna tun shekarun 1990 cewa aikin lifoksijinas yana tashi sosai a tsiron hatsi mai juriya idan kuturta ta taɓa shi, a mara juriya kuwa ba haka ba. Kuma akwai abu guda da ya shafi hatsi kai tsaye: wata guba ta furotin da omiset ke saki tana kama sfingolifid na saman tantani ta huda shi, kuma an nuna a 2017 cewa tana cin tumatir da taba da danginsu saboda kan sfingolifid ɗinsu suga biyu ne, dangin ciyawa kuwa, da hatsi a cikinsu, galibi suga uku ne, gubar ba ta kai ga tantanin. Suga ɗaya tal a kan maiƙo.

To me ya hana hatsin Baba? Sauri ne. Sclerospora ba ta kashe ƙwayar da take ci, rayayya take so. Tana tura ɗan tsotsonta cikin ƙwayar, shukar ta naɗe shi da tantanin da ita kanta ta ƙera, amma tantanin da aka sauya masa kayan haɗi, kuma ta nan cutar ke tura furotin ɗin da ke kashe ƙararrawar. Irin da ya gane ta da wuri ya tsira. Irin da ya makara, cutar ta kai ga idon tsiron, wurin da ganye da zangarniya ke fitowa, kuma daga ranar nan duk abin da ya fito da cutar zai fito. Wannan yana faruwa ne tsiron bai wuce ƴan kwanaki ba, ƙwayar cutar ta taso daga ƙasa, ko kuma daga ganyen maƙwabci a daren da aka yi laima. Zangarniyar da ka gani a Agusta, tun watan Yuni ko farkon Yuli aka yanke mata hukunci.

Yanzu mu dawo kan kwalbar, don a nan ne raina yake ɓaci.

Kusan kullum sai na haɗu da wannan kuskuren, kuma ba a bakin manoma kaɗai ba. Ana cewa fumfuna fumfuna ce, maganinta ɗaya. Omiset ba fumfuna ba ce. Kama kawai suka yi, kamar yadda jemage ya yi kama da tsuntsu. Danginta na kusa su ne gansakukar teku mai ruwan ƙasa da diyatom. Bangon ƙwayarta selulos ne da gulukan, na fumfuna kitin ne. Ƴaƴanta suna da bulala biyu, iyo suke yi cikin raɓa da ruwan da ya kwanta. Abin da ya fi shafar aljihun Baba kuwa shi ne: tantanin fumfuna ta gaske da argostirol aka gina shi, kuma aikin triyazol guda ɗaya ne, ya toshe anzim ɗin da ke ƙera argostirol. Omiset ba ta da argostirol. Phytophthora da Pythium ma ba sa ƙera sitirol kowane iri da kansu, na shuka suke kwasa, shi ya sa suke da elisitin ɗin da na ce ka riƙe. To ka fesa maganin da ke rufe masana'antar argostirol a kan halittar da ba ta da masana'antar, me kake jira ya faru? Ko sau goma Baba ya fesa, sai dai ganye ya jiƙe.

Na san abin da ya sa mutane suka yarda da kwalbar, kuma ba wauta ba ce. Da rani, a garka, farin gari yakan hau saman ganyen kuɓewa da kabewa da kankana. Wannan fumfuna ce ta gaske, triyazol yana cin ta, manomi ya gani da idonsa. Da damana ya ga farin gari a ganyen hatsi, sai ya ce ai shi ne. Amma ka duba da kyau. Na garka a saman ganye yake fara bayyana, yana son busasshen yanayi, da rana tsaka ma yana nan. Na hatsi a ƙasan ganye yake, sai daren da aka yi laima yake fitowa, da asuba in ka shafa shi yana da taushi da danshi a yatsa, kafin hantsi ya yi zafi ya motse. Burtuntuna da ke mayar da ƙwaya baƙin gari ita ma fumfuna ce ta gaske. Cuta uku, biyu fumfuna, ɗaya omiset, amma a kasuwa duk suna ɗaya ake ba su.

Mai sayarwa kuwa, yawancinsu ba su san abin da ke cikin kwalbar ba. Ka je kowace kasuwar mako a yankinku ka tsaya gaban tabarmar mai magani: kwalabe a rana tun safe, wasu takardar jikinsu ta goge, wasu da rubutun da shi kansa ba ya iya karantawa, ana tsiyaya wa mutum a robar ruwa da murfin kwalba a matsayin ma'auni. Manomi ya zo da ganye a aljihu, ko kallon ƙasan ganyen ba a yi ba, an miƙa masa abin da ya fi tsada. Wannan ba kasuwanci ba ne, cin amana ne. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya ba ka kuɗin, haƙƙinsa na wuyanka ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma rashin sani ba hujja ba ce ga wanda ya zaɓi ya zauna yana ba da magani. Wanda bai san bambancin cuta da cuta ba, ya sayar da gishiri da ashana, babu wanda zai zarge shi.

Amma ba zan ɗora wa ƴan kasuwa laifin duka ba, don mu masu takarda mun fi su laifi. Na taɓa zuwa wata garka a wajen Ƙonni inda tsiron tumatir ke faɗuwa a wurin reno, gindin ya yi laushi ya tsuke kamar zare, ƙasar jagab saboda ban ruwa safe da yamma. Duk wanda ya yi shekara biyu a aji zai fara zargin Pythium. Abin da wani shirin tallafi ya raba musu kuwa triyazol ne, saboda a takardar oda kalma ɗaya aka rubuta, fongicide, wato maganin fumfuna da Faransanci, wanda ya sayo kuma ya ɗauko mafi arha. An sa hannu, an buga hatimi, an ɗauki hoto, an rubuta rahoto cewa an tallafa wa manoma. Matan da ke da wurin renon suka sake sayen iri da kuɗinsu. Kalmar nan ta fongicide ita kanta tana cikin matsalar, don ta tara magungunan da ba su haɗa komai ba a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma har yau akwai littattafan da ake koyar da ku da su da ke jera mildiou, sunan Faransanci na cututtuka irin kuturta, cikin fumfuna ba tare da ko gargaɗi ba. Tun 1876 de Bary ya raɗa wa Phytophthora infestans suna, bayan yunwar da ta fara a Ailan a 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. A lokacin an ɗauke ta fumfuna, kuma suna da uzuri. Mu da muka san tsarin halittarta ba mu da shi.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗin kwalba ba. Manomin da ya fesa ya koma gida da kwanciyar hankali, ya bar shukar da ta kamu a tsaye, tana zubar da ƙwayoyin cuta kowane dare mai laima a kan ƙananan rassan maƙwabtanta, daga baya ganyen da zangarniyar su cika da ƙwayoyi masu kaurin bango da ke komawa ƙasa su yi shekaru suna jira. Ga wanda ya yi feshin ba safar hannu ba abin rufe hanci, ya shaƙi guba a banza. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: bayan kwalba ta gaza sau biyu, mutumin nan ba zai ƙara yarda da malamin gona ba, ko da gaskiya ya zo masa.

Kai da ka iya karatu, ga abin da za ka duba. Duk sunan sinadarin da ya ƙare da conazole, na fumfuna ta gaske ne. Na omiset daban suke: metalaksil da mefenoksam suna tsayar da ƙera RNA, sinadarin da ƙwaya ke buƙata don yin furotin, dimetomof da mandifurofamid suna hana ƙera selulos na bango, akwai kuma sabon oksatiyafifurolin wanda ke kama wani furotin mai jigilar maiƙo a cikin ƙwayarta. Mankozeb da jan ƙarfe suna cin duka biyun, amma kariya ce a saman ganye kafin cuta ta shiga, ba sa bin ta ciki. Ka duba kuma ko kwalbar na ɗauke da lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wato CSP. Metalaksil ɗin ma ba a wasa da shi: an fito da shi a 1977, zuwa 1980 Phytophthora ta riga ta saba da shi a gonakin dankali na Ailan da Holan saboda an yi ta fesa shi shi kaɗai.

A hatsi kuwa, feshi bayan zangarniya ta fito ba shi da amfani ko da maganin da ya dace ne. Wurin maganin shi ne jikin iri, kafin shuka. Garin wankin iri mai metalaksil ko mefenoksam, irin su Apron Star, yana shiga cikin tsiron ya tsare shi a makonnin farko, daidai lokacin da ƙararrawarsa ba ta yi ƙarfi ba. Za ka ga akwai ɗan difenokonazol a cikinsa, kada ya rikita ka, an sa shi ne don fumfunar gaske da ke bin iri, mefenoksam ɗin ne ke aikin kuturta. A bi ma'aunin da ke jikin ƙunshin, a gauraya da safar hannu, kuma irin da aka wanke kada ya kusanci turmi ko kaji ko yara.

Maganar iri, ka roƙi Baba cikin ladabi ya haƙura da na gonar nan, ko aƙalla kada ya ɗauka daga ɓangaren da cutar ta yi yawa. Ka je wurin malaman gona na Illela ko Tawa ka nemi irin da cibiyoyin binciken gona, INRAN da ICRISAT ta Sadore, suka tantance, ka tambaye su wanda ya dace da ruwan yankinku. SOSAT-C88 na cikin waɗanda aka sani da jure kuturta. Kada ku zubar da irin gida gaba ɗaya, ku shuka sabon a rabin gona ku gwada, don Baba ya gani da idonsa.

Bana abin da ya rage shi ne a tattara zangarniyun da suka kuturce da karansu a ƙone, kada a bar su a gona, kada a zuba su cikin taki. Baɗi kuma, daga mako na biyu bayan tsirowa har wajen wata guda, a riƙa zagaya gona da sassafe ana juya ganye. Duk tsiron da ya ɗashe daga gindi kuma ƙasan ganyensa ya yi gari, a tuge shi da saiwa a sa a buhu a fitar, lokacin cira ma a fara da irinsu. In da hali, ɓangaren da ya fi kamuwa a sa masa wake ko gyaɗa shekara ɗaya ko biyu, don Sclerospora ba ta cin su. Ka yi wa maƙwabtan gonarku bayanin nan su ma, tun da iskar dare ɗaya ce ke ratsa gonakin duka. In ka koma hutun rani, ka ɗauki hoton gaba da bayan kwalbar ka aiko mini, ina so in ga sunan sinadarin da lambar da ke jikinta.